Wanda Ya Tsaya a Hagun Saje

Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2008, gari ya waye da hadari ta gabas. Iska mai sanyi ta yi ta kaɗa labule, amma har rana ta ɗaga ruwan bai sauka ba.

Akwai wani tsohon soja da Allah ya yi wa rasuwa a wannan safiya, a ɗakinsa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Duk unguwar Saje ake ce masa. Masu son ƙarin bayani su ce Saje Mai Bigila.

Tun yana saurayi ya shiga soja, aka sa shi cikin 'yan badujala, masu kiɗa da busa a wurin fareti. Shi bigila aka ba shi, kuma bai rabu da ita ba har ya tsufa. Da ya yi ritaya sai ya koma koya wa 'yan makaranta kiɗan fareti a wani zauren taro da ke bayan tashar mota. Kullum da yamma za ka gan shi ya nufi can, wando da karin guga, takalmi yana sheƙi, baƙin akwatin bigila a hannunsa na hagu.

'Ya'yansa huɗu ne, mata uku da namiji ɗaya, shi ne auta. Babbarsu malamar sakandare ce. A waje Malama ake ce mata, a gida kuwa Yaya. Mace ce mai kamewa, ba ta da yawan magana. In ta riƙe abu a ranta ba za ka ji a bakinta ba.

A gida Saje ba irin sojan nan ba ne da yara ke watsewa in sun ji takunsa. Shi ke goge musu kayan makaranta, yana yi yana fito. In Umma, matarsa, ba ta da lafiya, shi ke shiga kicin, ko da yake abin da zai fito da shi sai mai haƙuri zai ci. Lokacin da Auta yake jariri, in ya hana kowa sakat da kuka, sai Saje ya cusa safa a bakin bigila, ya riƙa busawa can ƙasa-ƙasa har yaron ya yi barci.

"Wai ni soja na aura ko mai reno?" Umma takan ce.

"Duka biyun," in ji shi. "Ki gode wa Allah, wasu ko ɗaya ba su samu ba."

Doka ɗaya ce tasa da ba ta canzawa. In za ka yi tafiya tare da shi, to a damansa za ka jera. "Kowa dama!" yake cewa. "Hagu ta akwati ce." A falo ma kujerarsa tana kusurwa, hagunsa a jikin bango, rediyo a damansa. Yaran sun ɗauka ɗabi'ar bariki ce kawai. Har wasa suke yi da ita. In wani ya tare wa wani hanya a bakin ƙofa sai ka ji an ce, "Kowa dama!"

Burin Saje a duniya bai wuce Auta ya zama hafsan soja ba. Yakan ce masa, "Ni na gama busa wa hafsoshi. Kai kuma sai a busa maka."

Auta ya samu shiga makarantar horar da hafsoshi. Ya yi shekara guda da 'yan watanni, sannan ya ajiye. Ba korarsa aka yi ba. Tun yana ƙarami zuciyarsa tana wurin injin mota, kuma horon bai raba shi da wannan ba.

Ranar da ya dawo gida da jakarsa, Saje bai ɗaga murya ba. A gaban kowa ya dube shi ya ce, "Ka sa ba zan iya ɗaga kai a cikin abokaina ba." Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

A satin Auta ya bar garin. Ya tafi wani gari mai nisa ya kama aiki a gareji. Da shekara ta zagayo sai ya dawo don ya ba mahaifinsa haƙuri. Abin da ya faru a ranar, mutum ɗaya kawai ya faɗa wa, ita ce Yayarsa. Ya same ta a gidanta tana duba takardun ɗalibai. Idonsa ja, ko ruwan da ta ajiye masa bai taɓa ba.

"A bakin zauren na jira shi, Yaya. Da ya fito na gaishe shi, na karɓi akwatin. Na jera da shi yadda aka koya mana a makaranta, ƙarami a hagun babba. Don ya ga ban zubar da komai ba, ya ga na san girmansa. Tun daga tashar nan har ƙofar gida nake ba shi haƙuri. Kaina a ƙasa kamar wanda aka kama da sata. Na ce na yi kuskure da ban yi shawara da shi ba. Na ce ya yafe mini. Ko waiwayowa bai yi ba."

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce mana. Da muka shiga, Umma ba ta nan. Na tsaya ina jiran amsa, shi ma ya tsaya yana kallona. Can sai ya ce, 'Ajiye a can. In za ka fita ka ja ƙofar.'"

Ya yi wata dariya marar daɗi.

"To, na ja."

Kafin ya tafi ya sa ta yi masa alkawari ba za ta gaya wa Umma ba, don kada a sa ta a tsakiyar mijinta da ɗanta. Malama ta riƙe alkawarin.

Shekara tara aka yi a haka. Auta ya buɗe garejinsa, ya yi aure, ya haihu. Da farko saƙo yake aiko wa Umma, da wayar hannu ta yawaita ya koma kiranta. Amma ƙafarsa ba ta sake taka gidan ba. In Umma ta tambaye shi abin da ya haɗa su sai ya ce, "Ba komai, Umma." In kuwa aka ambaci Baba a waya, nan take zai tuna akwai mai mota yana jiransa.

Ita ma Malama, tun daga ranar wani abu ya daskare mata game da mahaifinta. Ba ta rage masa komai ba. Gaisuwa, magani, kai shi asibiti, duk tana yi a kan lokaci. Amma hira ta ƙare. In ya ɗauko bigila sai ta tuna tana da aiki a gida. Jefi-jefi yakan tambaye ta, idonsa a kan rediyo, "Wancan yaron yana lafiya?"

"Lafiya," za ta ce. A ranta kuma ta ce, ko sunansa ba zai iya kamawa ba.

A jinyarsa ta ƙarshe, tana miƙa masa magani ya ce, "Har yanzu fushi yake yi?"

"Kai ka fi kowa sani, Baba."

Ya dube ta kamar zai yi magana. Sai ya karɓi kofin ya sha.

To, a safiyar da ya cika, ita ce ta kira Auta. Ta faɗa masa Baba ya rasu.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Allah ya yafe masa."

"Amin. Yaushe za ka taso?"

"In zo in yi me, Yaya? Ai an riga an sallame ni."

"Umma fa?"

"Zan kira ta."

Ya kira ta ɗin, amma bai zo ba. Gida ya cika da masu ta'aziyya. Tsofaffin sojoji suka zo, ɗalibansa na da suka zo, wasu har da furfurarsu. Umma tana zaune tana amsa gaisuwa, amma duk sallamar namiji sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Da mutane suka ragu ta ce wa Malama, ba tare da ta dube ta ba, "Na rasa miji, ban yi jayayya da Allah ba. Amma kada a ce ni ma sai an fitar da ni daga gidan nan ɗana bai shigo ba."

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, wani ƙaton tsoho ya yi sallama. Muryarsa ta riga shi shigowa, sandarsa ta biyo baya. Shi ne mai babbar ganga a badujalar su Saje, Kofur ake ce masa. Yana zaune a nesa, labarin bai iske shi da wuri ba.

"Matar Saje! Ashe haka mutumin nan ya yi mana? Ya tafi bai ko nemi izini ba!"

Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya share idonsa da bayan hannu. Malama ta kawo masa shayi, ƙannenta mata biyu suka zo suka gaishe shi. Kafin shayin ya huce ya buɗe labari.

"Ku kun san shi ne bayan ya iya. Ni na san shi yana koyo. In ubanku ya busa a lokacin, karnukan bariki ne ke amsawa. Har wani hafsa ya taɓa aikowa a duba ko akuya ce ta maƙale a shinge."

Ƙannen Malama suka yi dariya, ta farko tun ranar rasuwar. Kofur ya juya zai ajiye kofi, idonsa ya faɗa kan kujerar kusurwa.

"Wannan ce tasa, ko? Ai na sani! Har a gidansa ma bango ya ba mataccen kunnen. Ɗan duniya."

"Wane kunne, Baba Kofur?" Malama ta tambaya.

Tsohon ya dube ta, ya dubi Umma. Umma ta sunkuyar da kai.

"Au. Yaran ba su sani ba? To, ni dai na riga na yi ɓarin baki. Shi kuma ya tafi inda ba a korar kowa daga aiki, bari in ƙarasa."

Ya gyara zama.

"In yaƙi ya tashi, 'yata, ba a fareti. Mu 'yan badujala sai a karɓe kayan kiɗa a ba mu gadon ɗaukar masu rauni. Ni da shi muke ɗauka, shi a gaba ni a baya. Wata rana muna ɗauke da wani soja da aka harba a cinya, bam ya faɗi ta hagunmu. Ƙasa ta rufe mu. Da na ɗago na ga ubanki bai saki gadon ba, jini yana bin wuyansa. Haka muka kai mutumin nan. Tun daga ranar kunnen hagu ya mutu murus. Ko igwa ka harba ta wannan gefen, sai dai ta zagaya ya ji ta dama."

"Bai ga likita ba?"

"Ya je a rubuta masa kurma a sallame shi? Wa zai bar kurma a badujala? Bigilar nan ita ce ransa. Sai muka shirya tsakaninmu. A layi kullum ni da gangata muna damansa. In aka ba da umarni bai ji ba, sai in zungure shi da gwiwar hannu. Ni ne kunnensa na hagu har muka yi ritaya, ko lambar yabo ba a ba ni ba."

Aka sake dariya, har Umma ta yi murmushi. Malama ba ta yi ba. Ta tattara kofuna ta kai kicin, ta kunna famfo, ta tsaya ruwa yana zuba a kan hannunta. Magana ɗaya ce ke dawo mata, da muryar ƙaninta: ƙarami a hagun babba.

Washegari da safe ta iske Umma a ɗakin Saje tana ninke kayansa. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Umma, kin san maganar kunnen nan?"

"Na sani. Tun muna sabon aure. Yana kwance ta gefen dama na yi ta yi masa magana bai amsa ba, na yi fushi na ƙi cin abinci. Shi ne ya faɗa mini, ya ce in rufa masa asiri."

"Har mu?"

"Da farko don aiki ne, yara ba sa riƙe magana. Daga baya kuma, kin san Babanku. Ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce masa kurma."

Malama ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Ranar da Auta ya zo. Me Baba ya ce miki?"

Umma ta dakata da ninkin.

"Ya ce yaron ya tare shi a bakin zaure ya karɓi akwati. Ya ce daɗi ya kama shi har ya ƙi kallonsa, don kada ya ga idonsa ya cicciko. Ya ce tun a nan ya yafe masa, jira kawai yake ya buɗe baki. Suka zo har gida bai ce uffan ba. Ya tsaya masa ƙerere a tsakiyar falo. Shi ne ransa ya ɓaci. Ya ce mini, 'Ashe ɗan dako aka aiko mini.' Washegari ko koyarwa bai je ba. Ya wuni a kujerar nan yana jiran ya dawo."

"Auta ya yi magana, Umma. Tun daga tasha har ƙofar gida yake ba shi haƙuri."

"A'a. Da ya yi da ya ji."

"A hagu ya jera."

"Hagu? Yaron da ya tashi a gidan nan? Wa bai san dokar Babanku ba?"

"A makarantar soja aka koya musu haka. Ƙarami a hagun babba. Girmama shi ya yi."

Umma ta zauna a hankali, rigar tana hannunta. Ta yi salati can ƙasa-ƙasa.

"To me ya hana Baba ya ce masa ya koma dama?" Malama ta tambaya. "Mu da ko ƙofa muka tare sai an ce mana kowa dama."

"Ɗansa ya zo masa a soja, ki ce ya tashe shi daga wurin? Ai wannan jerawar yake jira tun ranar da aka haifi yaron."

"Kuma bai taɓa kawo wa ransa ko an yi magana bai ji ba?"

"Mutumin da ya gama rayuwarsa yana nuna wa duniya yana ji? Ai shi ma ya yarda." Ta juyo ta dubi 'yarta sosai. "Ke kuma duk shekarun nan kin san yaron ya ba da haƙuri?"

"Ya sa na yi alkawari."

"Ni ma an sa ni."

Suka dubi juna. Rabin magana a wurin uwa, rabi a wurin 'ya, kuma kusan kullum suna haɗuwa suna tambayar juna ya gajiya, ya yara.

A ranar Malama ta kira Auta. Tana jin ƙarar guduma da inji ta bayansa.

"Auta, magana ce a kan Baba."

"Yaya, mutum ya rasu, an binne shi, na yi masa addu'a. Me kuma ya rage?"

"Ka dai saurare ni kaɗan."

"Ga mai mota yana jirana."

Ya kashe. Da ta sake kira bayan kwana biyu, ko gaisuwa ba su gama ba ya ce, "In maganar nan ce, Yaya, don Allah ki bar ta." Ta lura wannan ba magana ce ta waya ba. Wanda bai son ji, maɓalli ɗaya zai danna. Takarda kuwa ko an jefar da ita a kan tebur, tana nan tana jira.

A ofishin malamai ta rubuta, lokacin da ba ta da aji. Ta yaga ta farko don ta cika wa'azi, ta yaga ta biyu don ta cika kuka. Ta ukun ta tsaya a kan abin da ya faru kawai.

"Auta," ta rubuta, "Baba ba ya ji da kunnen hagu tun kafin a haife mu. A wurin yaƙi ya rasa shi, yana ɗauke da mai rauni. Ya ɓoye don kada a raba shi da bigila. Shi ya sa yake cewa kowa dama. Ranar da ka raka shi gida, duk abin da ka faɗa bai ji ba. Shi a ganinsa shiru ka yi. Ya gaya wa Umma ya yafe maka tun lokacin da ka karɓi akwatin, kuma abin da ya hana shi kallonka hawaye ne. Washegari ya wuni yana jiranka. Ya sha tambayata ko kana lafiya, ni ce ban taɓa gaya maka ba. Umma tana nan, kullum idonta a ƙofa."

Ta sa a ambulan, ta rubuta adireshin garejin. Sannan ta sa a jaka, ta kasa fitar da ita.

Gidan waya a kan hanyarta yake. Da safe ta wuce ta gabansa, da rana ta sake wucewa. Wani lokaci har ta rage tafiya, sai kuma ta ce gobe. Aka yi sati, aka shiga na biyu, gefen ambulan ɗin har ya fara lanƙwashewa.

Wata rana ta tashi daga makaranta ta biya wurin Umma. Ta same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa.

"Kin ce kin rubuta masa. Bai amsa ba?"

"Ban aika ba."

Umma ta ajiye tiren.

"Tsoro nake ji, Umma. Yanzu fushi yake yi, kuma fushin ne ke riƙe da shi a tsaye. In ya karanta wannan fushin zai tafi, ya bar shi da da-na-sani. Ya ga ubansa ya jira shi shekara da shekaru, ya mutu bai ga jikokinsa ba. Wa zai je ya ba haƙuri yanzu? Ina ganin kamar gara a bar shi yadda yake."

"Haƙuri ai ya riga ya bayar," in ji Umma. "Yafewa ma an riga an yafe masa. Saƙo ne kawai bai isa ba, nasa bai isa ba, na ubansa bai isa ba. Ɗaya ya tafi bai karɓi nasa ba, wannan ya wuce mu. Shi ne kike so ki riƙe na ɗayan a cikin jaka?"

Malama ta dubi jakarta.

"Ni na yi shiru don in rufa wa mijina asiri. Ke kin yi shiru don kada raina ya ɓaci. Ba wadda ta yi da mugun nufi. To duba inda muke. Yaron nan yana can yana ganin ubansa ya ƙi shi. Da wannan yake kwana, da shi yake tashi, da shi zai reni 'ya'yansa. Wannan kike cewa a bar shi da shi?"

"Zai yi kuka, Umma."

"Ya yi mana. Ke ba ki yi ba? Ya zo ya yi a gabana, ina da zanin share masa."

Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tsinta, alamar ta gama magana.

Washegari Malama ta fito da wuri. Gidan waya ba cunkoso, ma'aikaci ɗaya ne a bayan kanta yana jera takardu. Ta fito da ambulan ɗin, ta shafa gefen da ya lanƙwashe, ta miƙa masa. Ya duba adireshin, ya ɗora a kan sikeli.

"Malama, ta gaggawa ko ta yau da kullum?"

"Wadda ta fi sauri. Ta riga ta makara."

Ya manna kan sarki ya buga hatimi, ya nuna mata akwatin da ke gefen ƙofa. Ta tsaya a gabansa kaɗan, ta yi bismillah, ta zura wasiƙar. Ta ji faɗuwarta a ciki. Sannan ta gyara mayafinta ta nufi makaranta, don ita ce da ajin farko.

Darasi: Ba kowane shiru ne ƙi ba, wani bai ji ba ne, wani kuma kunya ko girman kai ne ya ɗaure masa baki. In ka ba da haƙuri ba a amsa ba, ka zagayo ta gaba ka sake faɗa, ido cikin ido. In kana da rauni, kada ka ɓoye wa iyalinka shi har ya raba ka da su. In kuma maganar da za ta sasanta mutum biyu tana hannunka, ka isar da ita tun suna raye. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman wanda kuka san ya daɗe bai taka gidansu ba.